Ƙarya Mai 'Ya'ya

Ranar da na fara gaya wa abokan ajinmu cewa Kawuna fulawa yake sayarwa, wani daga cikinsu ya tambaye ni buhu nawa yake kaɗarwa a rana, kuma ko masu gidan burodi ne manyan abokan cinikinsa. Na yi shiru, ban gyara masa ba. Na bar shi a kan fulawar alkama, domin a lokacin gani nake ta fi mutunci. To, bashin wannan shirun nake so in biya yau, idan editan mujallarmu ya yi mini alfarmar fili.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne. Tun yana saurayi ya baro ƙauye ya zo Kano, ya kama aikin gadina a gidan wani Kwara a unguwar Nasarawa. A nan ya koyi dashe da aski da haɗa ƙasa. Da maigidan ya tattara ya bar gari, sai Kawu ya sami wani ɗan tsukin fili a bakin titi, tsakanin kwalta da katangar wani gida, ya jera shuke-shukensa cikin baƙar leda, ya kafa benci a gindin darbejiya. Fiye da shekara ashirin ke nan yana wurin, ba shi da takarda ko ta sisin kwabo a kan filin, sai dai mutunci da sabo. Da wannan sana'a ya yi aure, da ita yake ciyar da 'ya'ya shida.

Mahaifina kuwa ɗan kasuwar hatsi ne a Dawanau. Mutum ne da ba ya ganin darajar shuka sai ta shiga mudu. Ba ya ƙin Kawu, suna gaisawa da fara'a, amma duk ranar da zancen sana'arsa ya taso a gida sai ya girgiza kai ya ce, "Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya." Tun ina ƙarami nake jin wannan karin magana a bakinsa, har na ɗauka don Kawu aka ƙirƙire ta.

A shekarar 2022, lokacin da malamanmu na jami'a suka tafi yajin aikin nan na wata takwas, daga Fabrairu har Oktoba (ina neman afuwar malamaina masu karanta wannan, ba tonon silili nake ba, albarkacinsa ma na sami abin rubutawa), zaman gida ya ishe ni, ni ma na ishi mutanen gida. Sai mahaifiyata ta tura ni wurin ƙanenta, wai ko ba komai in rage barci. Na tafi ina ɓata rai. Aikina na farko ɗiban ruwa da cika leda da ƙasa, kuma duk motar da ta tsaya sai in juya baya, kada a yi rashin sa'a wani ɗan ajinmu ne a ciki.

Amma ɗalibin harshe duk inda ya je kunnensa yana aiki. Abin da ya fara jan hankalina shi ne sunaye. Masu saye sukan zo su ce a ba su bogambiliya, ko ikzora, ko rozi, Kawu kuwa ya san kowace da sunanta, da irin lafazinsa. Da na bincika sai na tarar kusan duk baƙi ne. Bogambiliya daga Kudancin Amurka ta fito, sunanta ma na wani matuƙin jirgin ruwa ne Bafaranshe. Ikzora daga wajejen Indiya. Itacen nan mai jan fure da ake jerawa a titunan unguwannin ma'aikata daga Madagaska. Kai, ita kanta darbejiyar da muke zama a inuwarta, wadda muke gani kamar tare aka halicce ta da ƙasar Hausa, 'yar Indiya ce. Ban ce wannan aibi ba ne, baƙo ai rahama ne. Sai dai na yi mamakin yadda a cikin ɗaruruwan ledoji babu ko guda da ake kira da sunan Hausa.

Ana nan wata rana wata Hajiya ta tsaya da mota, ta nuna wata shuka a can gefe cikin tukunyar siminti, mai kumburarren gindi kamar tulu, da furanni ja-ja masu haske. Ta kira ta da wani sunan Turanci mai ma'anar wardin hamada. Kawu ya faɗi kuɗi, na ji kamar ban ji daidai ba, ta biya ko tayi babu. Na ƙura wa shukar ido, na ga ai na san ta. Irinta ce a bayan ɗakin Kakata a ƙauye, wadda ake hana mu taɓa ƙaronta. Da motar ta tashi na ce, "Kawu, wannan ba ƙarya ba ce?" Ya waiga hagu da dama, ya ce, "Rufe bakinka, ɗan boko, kada ka kore mini masu saye."

Ita ce kuwa. Hausawa ƙarya suke kiran wannan shuka, masana tsirrai kuma Adenium obesum. 'Yar ƙasa ce, tana fitowa a busassun wurare tun daga yankinmu har gabashin Afirka da ƙasar Larabawa. Amma mutanen wasu ƙasashe, musamman Tailan, sun ɗauke ta sun yi ta aure tsakanin iri da iri, sun fitar da launuka, sun mai da ita hajar kasuwa, har ta dawo mana da sabon suna da sabon farashi. Dalilin sunanta na Hausa kuwa a fili yake: za ka ga ta cika da fure tsakiyar rani, lokacin da ko ganye babu a jikinta, amma ka shekara kana jira ba ka ga ɗa ba. Ashe karin maganar mahaifina tana da jiki, har ana iya dasa ta a tukunya.

Bayan an koma makaranta, a darasin al'ada, malaminmu ya kawo mana zancen wani Baturen Ingila masanin al'adu mai suna Jack Goody, wanda ya daɗe yana bincike a arewacin Gana, ya kuma wallafa littafi a 1993 a kan matsayin fure a al'adun duniya. Ra'ayinsa a taƙaice shi ne, in aka kwatanta da Asiya da Turai, mutanen Afirka ta kudu da Sahara ba su cika shuka fure don ado ba, ba su cika kyauta da shi ba, kuma bai cika fitowa a zane-zanensu ba. Aji ya kaure da musu, kowa yana kare gida. Ni dai na yi tsit, domin na san a gidanmu akwai mai goyon bayan Baturen nan ɗari bisa ɗari ba tare da ya taɓa jin sunansa ba. Kuma in za a faɗi gaskiya, mutumin bai yi ƙarya ba gaba ɗaya. Mu fure alkawari ne, ɗa shi ne cikawa. Lalle muna shuka shi don ƙunshi, zogale don kwaɗo, yakuwa don miya da zoɓo. Hatta furen taba da iyayenmu mata suke goga wa haƙora tare da goro, aiki yake yi, ba zaman kallo ba. Amma duk da haka maganar ta tsaya mini a rai, na rasa inda zan ajiye ƙaryar bayan ɗakin Kakata a cikin wannan lissafi.

Ƙarshen shekarar 2023 sai ga sanarwa cewa wata ƙungiyar masu sha'awar lambu za ta shirya nunin furanni da shuke-shuke na kwana uku a filin wata makaranta, cikin watan Fabrairun 2024. Akwai sashen masu shuka don sha'awa, akwai kuma sashen rumfunan 'yan kasuwa, inda kowa zai kama fili ya baje hajarsa, alƙalai su zagaya su zaɓi rumfar da ta fi. Kawu bai taɓa shiga irin wannan ba. Abin da ya tura shi a wannan karon tsoro ne. An fara raɗe-raɗin za a faɗaɗa titin da yake zaune, kuma mai fili ba takarda ya san ranar da aka zo ba shi da ta cewa. Yana so masu ba da aikin lambu na makarantu da otal-otal su san fuskarsa, ko da an tashe shi ya zama ana nemansa. Kuɗin kama fili kuwa ba shi da su. Matarsa ce ta ɗauki adashinta, wanda ta yi niyyar sayen keken ɗinki da shi, ta damƙa masa. Saboda haka mai karatu ya sani, ba wasan yara muka je yi ba.

Filin da aka ba mu taku shida ne a tsaye, biyar a kwance. Kawu ya ce za mu kwashi mafi kyawun abin da muke da shi mu jera sahu-sahu, manya a baya ƙanana a gaba, shi ke nan. Na ce, "Kawu, ku yi haƙuri, in haka za mu yi mun faɗi tun ba a fara ba." Manyan gidajen rainon shuka za su zo, wasunsu da rozi daga Jos, inda tudu da sanyi suke ba fure abin da zafin Kano ba ya bayarwa. Mai benci a gindin darbejiya ba zai kayar da su a wannan fage ba. Na ce mu yi abin da ba wanda zai yi: mu gina tsakar gidan Bahaushe, mu cika ta da shuke-shuken ƙasarmu, kowace da sunanta na Hausa.

Kawu ya dube ni kamar na zauce. Ya ce, "Watau mutum ya biya kuɗin shiga don ya kalli abin da ya baro a bayan gidansu?"

Mun kwana uku muna wannan ja-in-ja. Har na ɗauko waya na nuna masa hotunan babban nunin furanni na Chelsea, ba ƙungiyar ƙwallo ba jama'a, wani taro ne da ake yi a Landan tun 1913, yawanci a watan Mayu. A can ma ana duba rumfunan 'yan kasuwa a ba su daraja, kuma na nuna masa yadda mai sayar da tukwane ko benci ba ya tara kayansa tsibi, sai ya shirya wurin kamar wani ɓangare na gida, mai kallo ya ji yana sha'awar zama a ciki. Kawu ya daɗe yana jan hotunan da babban yatsa. Bai kula da ginin ba, ƙasa yake kallo. Can ya ce, "Ka ga ba a ganin tukunya ko ɗaya? Sun binne su. Wannan mai wayo ne." Daga nan na san ya fara saukowa. Muka yi sulhu: kashi biyu cikin uku na filin nawa ne da tsakar gidana, kashi ɗaya nasa ne, ya jera bogambiliyarsa ta sayarwa, domin a cewarsa adashin mutane ba da kofi ake biyansa ba.

To, a nan ne fa na gane bambancin mai ra'ayi da mai sana'a. Ni na zo da zane a takarda, na yi shi da rula. Kawu bai ko karɓa ba. Ya share ƙasa a gefen bencinsa, ya auna taku shida da biyar, ya ja layi da tsinke, ya ce mu gina a nan tukuna mu rushe, mu sake ginawa, har idonmu ya gamsu. Sau huɗu muka yi. A wajen wannan gwaji na koyi abubuwan da ba a rubuta su a ko'ina ba sai a hannunsa. Ya ce kada a jera shuka biyu-biyu ko huɗu-huɗu, ido yakan raba su gida biyu ya wuce. A sa uku ko biyar, sai ido ya tsaya yana zagayawa. Ya ce kada hanya ta miƙe daga ƙofa zuwa bango, a karkata ta, don kada mai wucewa ya gama kallo daga waje. Ashe hikimar zaurenmu ke nan, wanda ba a daidaita ƙofar shigarsa da ta cikin gida. Ya ce mai ƙamshi a bakin hanya ake sa shi, inda riga za ta goge shi. Ya kuma ce dole a bar wani wuri fayau ba komai, domin rumfar da ta cika maƙil kasuwa ce, ba gida ba.

Ga yadda muka tsaya a ƙarshe. Zana ta kewaye gefe uku. A baya, jikin zana, zogale uku masu farin fure, da lalle, da kuma jema mai dogon ganye don ta rufe gindinsu. A kusurwar dama wani babban kasko cike da ruwa, da bado da kainuwa a ciki. A bakin hanya ɗoɗɗoya, dama da hagu. Gefen hagu moda da zabuwa, ita wannan mai ɗige-ɗige a ganye kamar tsuntsuwar da ta ci sunanta. Ƙasa duka muka shimfiɗe da yashin rafi, muka binne ledoji a ciki har wuya, inda yashi bai kai ba muka rufe da ɓawon gyaɗa. Babu tukunyar siminti ko ta roba ko guda, sai tulu da randa da kasko na mutanen ƙauye, da wani tsohon turmi da gindinsa ya huje, wanda matar Kawu ta yi niyyar faskarawa. Tabarma ɗaya, kujera 'yar tsugunne ɗaya, buta ɗaya. A tsakiya kuwa, inda hanya ta karkata, ƙarya guda biyar, babbarsu a cikin turmin nan.

Ni ma na yi tawa wautar. Na nace sai an sa tumfafiya, domin duk wanda ya taɓa sunkuyawa ya dubi furenta, fari da shuɗi-shuɗi kamar an yi masa aikin allura, ya san raina ta da ake yi zalunci ne. Kawu ya ce ba ta dasuwa in ta girma, saiwarta guda ce mai zurfi, in ka tsinke ta ka kashe ta. Na ce a gwada. Na je bayan gari na haƙo uku, na sha ƙaro a hannu. Kwana biyu suka yi laushi kamar tsumma. Kawu bai ce mini komai ba, sai dai ya bar su a inda zan riƙa ganinsu kullum har mako ya zagayo.

Ita kuwa ƙarya, tun watan Disamba ya janye mata ruwa, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Na ce za ta mutu. Ya ce yawan ruwa ne ke kashe ta, gindin ya ruɓe daga ciki ba ka sani ba. Wannan tulun da take ɗauke da shi guzurinta ne. Ƙasarta ma daban yake haɗawa, yashi ya fi yawa, da garin gawayi, da ɗan ruɓaɓɓen taki. Ganye ya zube, na tsorata, sai ga tohon fure ya rufe kawunan rassa.

Ana saura mako biyu ya kira ni bayan bencinsa, ya ɗaga wani buhu da ya yi wa wata inuwa da shi. A jikin babbar ƙaryar nan akwai wasu abubuwa biyu dogaye, sun fito daga wuri ɗaya sun rabu kamar ƙahon sa, kowanne ya kai tsawon tafin hannu, an naɗe su da zare. Na ce mene ne wannan? Ya ce, "'Ya'yanta." Wallahi sai da na zauna.

Ya yi mini bayani. A ƙauye reshe ake karya a ba maƙwabci ya dasa, shi ma ya ba wani, har ka tarar duk ƙaryar da ke gari jiki ɗaya ce aka rarraba. Ita kuwa ba ta cika ɗaukar ciki da garin furenta ba, sai an kawo na wata dabam. Shi ya lura da haka ne shekarun baya, lokacin da ya ajiye wadda ya samo daga ƙauyenmu kusa da wadda ya saya a hannun wani, sai ga ƙaho ya fito. Daga baya ya koyi yi da hannu, yana tsaga furen a hankali ya ɗebi garin da siririn tsinke ya kai wa ɗayar. Zaren kuwa don in kwanson ya bushe yakan tsage, kowane iri yana da gashi a kai da gindi, iska ta kwashe su ko ɗaya ba za ka samu ba. Kuma ga inda kuɗin yake: wadda aka shuka daga iri ita ke yin kumburarren gindin nan da masu saye suke so tun tana ƙarama, ta reshe kuwa ba ta cika yinsa da kyau ba.

Sauran aikin nawa ne, watau sunaye. Na shiga laburare na ɗauko ƙamus ɗin Bargery na 1934, da ɗan littafin sunayen tsirrai na Hausa da Dalziel ya wallafa a 1916, ina gwada abin da ke ciki da abin da Kawu ya sani, inda suka saɓa in buga wa Kakata waya ta raba gardama. Na yanka ƙananan alluna irin na makarantar allo, na rubuta kowane suna da boko da ajami, na sa na masana tsirrai a ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Da na zo kan allon tsakiya rigima ta dawo sabuwa. Kawu ya ce, "Wa zai sayi ƙarya ya kai gidansa? Rubuta na Turancin." Na ce in aka sa na Turanci a nan, duk sauran allunan sun zama wasa. Muka yi shiru. Can sai ya ce, "To rubuta. Amma ka yi wani ƙarami, ka rataya a jikin ƙahon, ka rubuta: ga 'ya'yanta." Wannan dabara tasa ce, ba tawa ba, ina so a shaida. Shi ne kuma ya sa na ƙara wani allon mai gargaɗi cewa ƙaronta dafi ne, a nisanta ta da yara da dabbobi. Na ce wannan zai rage ciniki. Ya ce gara ya ragu.

Ranar kai kaya muka ɗauki akori-kura, kuɗin da direban ya caje mu, da yake man fetur ya yi tsada tun cire tallafi a 2023, ya kusa cinye ragowar adashin. Garin sauke kaya babbar randarmu ta faɗi ta rabe biyu. Na ji kamar in yi kuka. Kawu ya juya ɓangarorin, ya ɗauki babban ya kwantar da shi a kan yashi, ya cika shi da ƙasa, ya dasa moda a ciki tana leƙowa, sai ka ce da gangan aka fasa. A wurin muka kwana, cikin sanyin hunturu, muna lulluɓe da buhu. Wajen ƙarfe uku na dare iska ta taso ta kayar da zanar baya a kan zogale, ta karya guda. Da fitilar waya muka sake kafa dirkoki, muka mai da zogale biyu, lalle ya shiga tsakani ya cike ukun.

Da hantsi na zagaya na ga sauran rumfuna, gabana ya faɗi. Ga rozi ja da fari da rawaya, ga ciyawar kanti an shimfiɗa, wani har da famfo mai feshin ruwa. Tamu a tsakaninsu kamar baƙauye a taron biki. Mutanen farko da suka leƙo dariya suka yi. Wani ya ce, "A'a, yau ga zogale a gasa!" Amma na lura da abu guda: masu dariyar ba su wuce ba. Sukan shigo, su bi hanyar, ƙamshin ɗoɗɗoya ya tashi, su tsaya gaban turmi su karanta allon, su karanta ƙaramin, sa'an nan su kira na waje, "Zo ka ga 'ya'yan ƙarya!" Kafin azahar sai da muka riƙa roƙon mutane su rage wa wasu wuri.

Alƙalai uku ne, mace ɗaya da maza biyu, kowa da takarda a hannu. Sai da rana ta take suka iso gare mu, lokacin bado ya riga ya rufe, domin irin namu da dare yake buɗewa, hantsi na yi ya tsuke. Ban san haka ba sai ranar, Kawu kuwa ya sani amma bai san lokacin zuwan alƙalai ba. Suka duba lafiyar ganye, suka ɗaga wata tukunya suka leƙa ƙarƙashinta, suka karanta alluna ɗaya bayan ɗaya, suka tambayi farashi. Na shirya dogon jawabi da Turanci, har da Goody a ciki. Ba a kai gare shi ba. Matar ta nuna zaren ta yi tambaya, Kawu ya gyara tsayuwa ya amsa da Hausa, ya ciro fure guda ya tsaga ya nuna musu inda garin yake. Mutumin da na saba gani yana rusunawa a tagar mota, ranar na ga malamai uku sun sunkuya suna saurarensa.

Amma abin da ya fi zauna mini a rai ba alƙalai ba ne. Wata tsohuwa ce da jikarta ta kawo, ta zauna a kujerarmu don ta huta. Ta dubi turmin ta ce a gidan da aka haife ta akwai irinta a ƙofar turaka, ta fi mutum tsawo. Na matso da littafina, na ce, "Iya, me kuke yi da ita?" Ta dube ni kamar na yi tambayar wofi. Ta ce, "Me kuwa za a yi da ita, ɗan nan? Akuya ma ba ta ci. Kallo dai." Na rubuta wannan kalma, na ja mata layi biyu. Ba ta rushe littafin Bature ba, shuka ɗaya ba ta yin lambu. Amma ga mutanen da suka raɗa wa abu suna ƙarya, suka yi masa karin magana ta zambo, sa'an nan suka ci gaba da karya reshensa suna ba juna, suna dasawa a ƙofar ɗaki.

Ranar rufewa aka kira sunan Kawu, rumfarmu ce ta ɗaya a sashen 'yan kasuwa. An ba shi ɗan kofi da takardar shaida. Ya karɓa da hannu biyu, bai ce komai ba, sai da ya dawo ya miƙa wa matarsa kofin.

Kada in yi wa mai karatu ƙarya marar 'ya'ya: da muka zauna lissafi, bogambiliyar Kawu ta kusurwa ita ta kawo fiye da rabin cinikin. Zogale da lalle an yaba, an ɗauki hoto, ba a saya ba, kowa ya ce akwai a gida. Ƙarya dai ta tafi, ƙanana goma sha ɗaya, da sunanta na gaskiya. An mayar da adashi, keken ɗinki ya samu bayan wata biyu, kuma wata makaranta ta ba Kawu aikin kula da harabarta. Filin bakin titi har yau ba takarda.

Mahaifina ya zo a rana ta uku, mahaifiyata ce ta matsa masa. Ya shiga ya bi hanyar, hannuwa a baya, ya tsaya gaban turmi. Na ga leɓensa yana motsi yana karanta ajamin. Ya sa yatsa ya taɓa ƙahon. Ya daɗe. Sa'an nan ya juyo ya ce, "To, ko da ta yi 'ya'yan, ana ci?" Kawu ya yi murmushi ya ce, "Ba a ci, Alhaji. Ana dai sayarwa." Mahaifina ya ce, "Nawa?" Da ya ji kuɗin guda ɗaya sai ya yi shiru, na san mudu yake lissafawa.

Kwanson ya tsage a watan Afrilu, zaren ya riƙe. Muka cire gashin, muka kwantar da irin a kasko cikin yashi mai ɗan danshi, cikin mako guda suka fara ɗago kai, kowanne da ɗan tumbinsa kamar ƙwayar wake. Tun daga lokacin kowace shekara Kawu yana ɗaure ƙaho biyu ko uku, ni kuma nake rubuta alluna. Na bana sun isa a raba su, ya aiko in je ranar Asabar da sassafe, in taho da leda.